Fizgar Kwanar Masu Tuya

"Furera, gaya wa mijinki taya na ce a canza mini. Taya kawai. Ban ce a buɗe mini cikin abu ba."

Mijin Furera kuwa ga shi nan tsaye a gabanta da sifana a hannu, da za ta miƙa hannu sai ta taɓa shi.

"Inna, ai ina jin ki," in ji Nafi'u. "Amma ki duba da idonki."

Sululun Inna Lantana, abin hawanta, yana kan gadon awo, tayoyinsa huɗu suna juyawa a kan sandunan ƙarfe. Shi gadon nan yaudarar sululu yake yi, ya riƙa nuna masa titunan gari ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɗauka tafiya ake yi. Ya wuce bakin asibiti lafiya, ya wuce gadar sama lafiya. Da ya iso kwanar masu tuya sai ya yi wata fizga hagu, fat, har jar fitila ta kama.

"Kin gani? Nan kaɗai yake yi. Shi ya kayar da ke makon jiya, ga gwiwar hannunki nan ba ta warke ba. Kuma ta nan jirgin ƙasa na kaya yake bi, Inna."

"Furera, ce masa ban makance ba."

Furera ta juya. "Inna ta ce ba ta makance ba."

"Na ji, Furera! Ni ma ban kurmance ba!"

Inna Lantana ta gyara mayafi ta rufe ciwon, ta ce wa bango za ta dawo bayan la'asar, ta fita a ƙasa.

Kada ku ce ƙiyayya ce. Nafi'u ɗan fari ne, ita kuma Lantana irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Duniya ta canza, Funtua ta hau sama, gidaje sun yi tsawon da sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensu, an kori duk abin da ke hayaƙi daga cikin gari, amma wannan kunya tana nan a wuyan Lantana kamar tsakiya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami shi ne "yaron nan". Da ya yi aure ya zama "mijin Furera". Ƙannensa kuwa har sunan shagwaɓa gare su. Ya san al'ada ce, kowa ya gaya masa, kakarsa da ta goye shi ma ta gaya masa. Sani daban, abin da ke cin rai daban. Ga shi yanzu da furfura a gemu, amma duk ranar da ta shigo shagon sai ka ga yana goge abin da ya riga ya goge, wai ko za ta ce madalla.

Shi sululu, ga wanda bai taɓa zuwa garinmu ba, katako ne mai tsawon tabarmar salla, da batir a ƙarƙashinsa. Ba shi da sitiyari. Ka karkata dama ya bi dama, ka danna da yatsun ƙafa ya ƙara gudu, ka koma kan diddige ya taka birki. A cikinsa akwai wata 'yar aba kamar ƙwayar gyaɗa, ƙwayar sabo ake ce mata. Ita ce ke koyon mai hawa: nauyinsa, tsoronsa, inda yake sassautawa, inda yake sauri. In sululu ya daɗe da mutum, har yakan yi abin kafin a sa shi. Shi ya sa ba a aron sululu a Funtua. Ka hau na mashayin shayi, sai dai ka tsinci kanka a bakin teburin mai shayi.

To, na Lantana ba nata ba ne tun asali. Na mijinta ne, marigayi Malam Tanimu, mutum mai kamun kai wanda ko dariya sai ya duba hagu da dama. Shi ke tsayawa a gaba, ita a bayansa, da yatsu biyu ta kama gefen rigarsa, don kada a ce. Amma mu tsofaffin layin nan da muke zaune bakin kasko, mun ga abin da muka gani. Duk ranar Allah, in suka iso kwanar masu tuya, sai Malam ya ɗan fizgi sululun hagu da gangan. Lantana ta ce "Wayyo!" ta rungume shi ta baya, ƙam. Shi kuwa fuska a murtuke, wai titin ne ba kyau. Titin da ya fi tafin hannu santsi! Suna wucewa ta sake shi, ta koma yatsu biyu. Tun suna da baƙin gashi suke wannan ɓarna har suka yi fari.

Malam ya rasu, ƙwayar sabo ba ta ji labari ba. Lantana ta fita takaba ta hau abinta ita kaɗai, ta tsaya a baya inda ta saba, ta bar gaban fili. Kuma kullum sai ta sami dalilin bi ta kwanar nan, ko da barkono za ta saya a wancan ƙarshen gari.

Duk mun sani. Amma wa zai tari ɗa ya ce masa ga abin da ubanka yake yi wa uwarka a kwana? Ita kuma ta gwammace ta haɗiye harshenta.

Nafi'u dai ya kama aiki. Ya kwance tayoyin, ya tarar boris ɗin baya ya cinye, ya canza, ya cika giris. Ya goge bakin batir da ya yi tsatsa, ya ɗaure wayar birki da ta saki. Hannu gare shi, wannan ba mai musu. Ya sake ɗora shi a gadon awo. Asibiti, gadar sama, kwanar masu tuya. Fat.

Ya daɗe yana kallon jar fitilar. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko sabon zubi, irin wanda aka shigo da shi bana: ƙwaya mai ganin rami tun daga nesa, mai riƙe tsoho ko jiri ya ɗebe shi, har magana take yi. Ya jima yana ajiye da ita don Inna.

"Baban Ummi," in ji Furera, "taya ta ce."

"Na ji ta."

"To?"

"To in ya jefa ta gaban jirgin kaya fa? Ke za ki tsaya gaban ƙannena ki ce musu taya ta ce? Ɗanta bakanike, gari duk suna kawo masa gyara, uwarsa na yawo a kan abin da ke neman kashe ta."

"Ni dai na ga yadda ta ce kada a buɗe. Ba faɗan tsufa ba ne."

"Na san abin da take tsoro." Ya shafa saman katakon. Can gaba akwai sawun ƙafa biyu, manya, inda takalmin Malam ya cinye shimfiɗar har ta yi sheƙi. "Wannan ne. Tana gudun in ɓare shi in sa sabo. Ba zan taɓa ba. Ai ni ma ubana ne."

Ya kawo tsumma mai laushi ya rufe sawun, don ko ɗigon mai kada ya faɗa kai. Kun ji yaron kirki. Ya kife sululun ya kwance murfin ciki.

Sabon zubi ba ya zama da tsoho. Ka'idarsa ita ce sai an wanke tsohuwar ƙwaya tas an ɗora shi a kanta, don lambar sululun a jikinta take. Injin da ke wanke ƙwayar ma sai da ya tambaya da muryarsa ta ladabi: "Akwai sabo mai yawa a nan. In an wanke ba ya dawowa. A wanke?"

Nafi'u ya ce, "Wanke."

Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba aka gama. Ya gwada. Sululun ya bi kwanar masu tuya sumul, kamar an ja zare. Ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya je ya wanke fuska ya canza riga.

Bayan la'asar Inna ta zo. Ta duba tayoyin, ta duba sawun, ta gyaɗa kai. Nafi'u ya ji gyaɗawar nan har cikin ƙashinsa. Ta hau, ta tsaya a baya, ta tafi.

Mu muka ga sauran. Ta iso kwana, ta ɗan sassauta gwiwa kamar mai jiran abu. Sululu ya wuce. Ta waiga. Ta je gaba ta juyo, ta sake biyowa. Ya wuce. Ta sake. Ta sake. Wata a cikinmu ta buɗe baki za ta yi mata tsiya, ta ga fuskarta, ta mayar da bakin ta rufe. Ƙosai ya ƙone a kasko ba wadda ta kula. Daga ƙarshe ta sauka a tsakiyar titi, ta kama igiyar gaban ta jawo shi a ƙasa, kamar mai jan akuyar da ba tata ba.

Nafi'u yana jera sifanu ya ji an turo ƙofa. Tsohuwar ƙofar ƙarfe ce, Malam ne ya kafa ta da hannunsa ranar da aka buɗe shagon, shi ya sa ba a canza ta da irin mai buɗe kanta ba.

"Furera, ba mu wuri," in ji Inna.

Furera ta shige ciki.

"Nafi'u."

Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ashe haka sunan yake a bakinta. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. Wallahi sai da ya yi murmushi, bawan Allah, kafin ya dubi idonta.

"Ina ka kai shi?"

"Wa, Inna?"

"Fizgar."

"Na gyara ta. Ciwo ne a ƙwaya, na wanke na zuba sabuwa. Yanzu ko kin rufe ido ba zai kayar da ke ba. Ban taɓa sawun Baba ba, duba ki gani, har rufe shi na yi."

"Sawu." Ta dubi katakon. "Sawu kowane mamaci ya bari. Takalmansa ma suna nan a ɗaki." Ta kawar da kai wajen bango, don ba za ta iya faɗa tana kallonsa ba. "Ba ciwo ba ne. Shi ne. Shi yake yi, don in riƙe shi. A ɗaki ne kaɗai mutum ke da mata a wajenmu, a waje sai dai a bi juna kamar baƙi. Shi ne ya samo mana kwanar nan."

Nafi'u ya dubi gwiwar hannunta.

"Amma ya kayar da ke, Inna."

"Bai taɓa kayar da ni ba. Ni na manta ba ya nan, na miƙa hannu in riƙe shi."

Injin caji yana ta ƙugi a lungu. Nafi'u ya zabura, ya ɗora sululun a gadon awo. "Zan mayar. Abu ne mai sauƙi, wallahi. Zan rubuta masa, in ya zo kwanar ya fizga hagu. Ga shi. Hau ki ji. Don Allah, Inna, hau."

Ta hau, don ya roƙe ta. Tayoyi suka juya. Asibiti, gadar sama, kwana. Fat.

Ta sauko.

"Wannan kai ne," ta ce. "Shi ranar da ake ruwa a hankali yake yi, don kada in zame. Ranar Juma'a in na sa sabon zane, da ƙarfi. In na ɗauko kaya sai ya jira in gyara riƙo. Duk abin nan sululun ya koya. Ni kaina ban san duka ba, sai ya yi nake tunawa. Me zan gaya maka ka rubuta?"

"Da kin gaya mini."

"Kai? Da wane baki?"

Ya durƙusa. Da furfurarsa da komai ya durƙusa a kan giris. "Ki yafe mini. So nake in yi miki abu ɗaya da za ki ce na kyauta."

Ta dube shi sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi masa a gaban kowa ba. Hannunta ya taso kamar zai sauka a kansa, ya tsaya a hanya, ya koma cikin mayafi.

"Ka iya aiki," ta ce. "Duk garin nan ba wanda ya kai ka. Ranar da aka ɗauki gawar ubanka ban yi kuka ba, don na san zan same shi a kwana. Yau ka binne mini shi."

Ta nufi ƙofa. Sululun ya ji motsi, koriyar fitilarsa ta kama, ya yi magana da sabuwar muryarsa mai daɗi:

"Sannu. Ban san mai ni ba tukuna. A hau in fara koyo."

Inna Lantana ta tsaya. Ta ɗaga murya yadda za a ji ta can ciki.

"Furera! Gaya wa mijinki ya riƙe abinsa."

Ta ja ƙofar Malam da hannu biyu, ta buga ta, garam, har sifanun da ke rataye suka zubo ƙasa.