Baƙuwar Akuyar Bakin Kanal

Ranar wata Alhamis a tsakiyar Agusta, da misalin ƙarfe biyar na yamma, baƙuwar akuya ta shigo garken Sammani.

Matarsa Barira tana kwaɓa dusa a roba lokacin da awakinsu suka dawo daga kiwo a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin shinkafa. Sai ta ga ƙari a cikinsu: 'yar ƙaramar akuya baƙa wuluk, jikinta jiƙe sharkaf, alhali tun safe ko yayyafi ba a yi ba. Sauran awakin suka takure a jikin wayar shinge, suka bar mata tsakiyar garken.

Wani ɗan fili ne Sammani ya saya tsakanin Kura da Bunkure, ya gina ɗaki biyu, ya zuba awaki da agwagi da zabi don sha'awa kawai. Shi aikin ofis yake yi a Kano, ita kuwa malamar sakandare ce. Da aka yi dogon hutu ya kwaso ta da 'yarsu Aziza, mai shekara tara, wai su sha iskar ƙauye. Barira ba ta so zuwan ba, kuma ba ta ɓoye masa ba.

"Baban Aziza, wannan ba tamu ba ce," in ji ta. "A kai cigiya wurin mai unguwa."

Sammani ya fito da abin hudar kunne da lambobin roba masu ruwan ɗorawa, waɗanda ya sayo a birni ya liƙa wa kowace dabba tasa. Yana ji da su ƙwarai.

"Mai ita ya san hanya. Duk abin da zai kwana a garkena sai ya ɗauki lamba. Tsari ke nan."

"Tsari ko kwaɗayi?"

"Ke dai tun da muka zo ba ki ga abin yabo ba. Aziza, zo riƙe mini kanta."

Yarinyar ta zo da murnarta, ta rungume kan akuyar da hannu biyu. Ƙarfen ya ce ƙas. Akuyar ba ta yi kuka ba, ko zillo ba ta yi ba. Jini ya ɗiga a ƙasa. Kwaɗin da ke ta kuka a gonakin shinkafa suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Akuyar ba ta kalli Sammani ba. Aziza ta ƙura wa ido.

Washegari da sassafe Sammani ya koma Kano wurin aiki, ya ce sai Asabar. Yana fita gidan ya canza. Agwagin suka fice ta ƙasan waya, suka ƙi dawowa. Zabin suka hau rufin kwano suna ta ƙara. Bunsurun da Aziza ke bai wa ɓawon ayaba a tafin hannunta kullum ya ja da baya, ya tunkuye ta har ta faɗi.

Da Barira ta ɗaga ta sai ta ji jikinta zafi rau. Kunnenta na hagu ya kumbura. Can sama, inda ba a taɓa huda mata ba, ga wata 'yar ƙofa a zagaye, tsaf, babu jini.

Ta kira mijinta a waya.

"Cizon ƙwaro ne," in ji shi. "Ki ba ta magani."

"Na ce maka huda ce. Daidai inda ka huda akuyar nan."

"Barira, da iliminki? So kike ki koma birni, shi ya sa. Kada ki kuskura ki taɓa mini akuya."

Ya kashe wayar.

Ta bai wa yarinyar magani, ta yi mata tofi, ta kwantar da ita. Bayan la'asar ta leƙa ɗakin, babu kowa. A garke ta same ta, durƙushe a kan hannu da gwiwa kusa da baƙar akuyar, tana tauna busasshiyar harawa. Koren yawu na bin haɓarta.

"Aziza! Tofar!"

Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Umma, Inna ta ce in magariba ta yi za ta kora mu gida."

"Wace Innar?"

"Mai awakin."

Barira ba mai gaggawa ba ce. Ta wanke wa 'yarta baki, ta mayar da ita ɗaki, ta sa kwaɗo ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zaninta. Ta ɗauko wuƙa ta gwada yanke lambar daga kunnen akuyar. Wuƙar ta riƙa zamewa kamar a kan dutse. Da ta ga rana ta yi ja, sai ta zura wa akuyar igiya, ta nufi kanal.

Ba ita ke jan akuyar ba. Akuyar ce ke jan ta.

Hanyar siririya ce, ruwa a dama, shinkafa a hagu har iyakar gani. Manoma duk sun tashi. Babu babur, babu tsuntsu, ko sauro babu. Sai ƙarnin laka, da wani wari kamar na nonon da ya kwana a ƙwarya. Takalminta na cewa caɓ, caɓ. Kofaton akuyar ba ya cewa komai.

A inda kanal ɗin ya yi kwana, akuyar ta tsaya.

Wata mace ce tsaye a tsakiyar ruwan, ya kai mata ƙugu. Doguwa, da baƙin mayafi, da sanda a kafaɗa. Ruwan na gudu da ƙarfi, amma bai rabe a jikinta ba. Wucewa yake yi kamar babu kowa a wurin.

Barira ta yi sallama.

Matar ta amsa, cikakkiyar amsa.

"Baiwar Allah, ga akuyarki. A yi mana aikin gafara."

"An huda ta."

"Kuskure ne."

"Abin da aka huda, na wanda ya huda ne. Ku riƙe taku. Na riƙe tawa."

Ta nuna da sandar. Barira ta waiga.

Aziza ce tafe a kan hanyar, da hannu da gwiwa, kanta a sunkuye. Barira ta shafa bakin zaninta. Makullin na nan.

Ta jefar da igiyar ta cafke yarinyar. Jikin da ya yini da zafi ya yi sanyi ƙalau. Aziza na ta turjewa, tana jan uwarta zuwa ruwa da ƙarfin da ba nata ba.

A lokacin ne Barira ta ga abin da ke ƙarƙashin ruwan. Garke ne guda, yana tafiya a ƙasan kanal ɗin, baya na gogar baya. Awaki baƙaƙe. A tsakaninsu akwai waɗanda ba su da kofato. Suna da yatsu.

Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu.

"Karanta," in ji matar. "Mu ma muna karantawa. Ba ni na fara ba."

"Yarinya ce. Ubanta ne ya sa ta."

"Hannunta na gani a kan akuyata."

"To me kike so?"

"Jini ya zuba daga garkena. Sai ya zuba daga naku."

Tafin hannun Aziza ya taɓa ruwa.

Gwiwarta ɗaya ta bi.

Ƙafar Barira na zamewa a laka. Wuƙar tana gida. Babu dutse, babu ƙaya. Hannu ɗaya kawai gare ta a sake.

Ta kai shi kunnenta na hagu. Ta zura yatsa a zoben ɗan kunnenta.

Ta ce bismillahi, ta fizge.

Zafin ya ratsa ta har haƙora. Jini ya bi wuyanta, ya ɗiga a ruwan.

"Ni ma ta garken ce," ta ce. "Ni na haife ta. Ga shi nan."



Matar ta matso. Ruwan bai motsa ba. Warin nonon ya cika wa Barira hanci. Wasu yatsu masu sanyi suka kama yagaggen kunnen, suka juya shi, kamar yadda mai saye ke duba dabba a kasuwa.

"Wannan ya zama nawa," matar ta raɗa mata a cikinsa.

Baƙar akuyar ta gangara, ta shige ruwan har ya rufe kanta. Jikin Aziza ya saki. Barira ta saɓa ta a kafaɗa ta zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta waiga ba. Tana cikin gudun aka kira sallar magariba daga wani ƙauye can nesa, kwaɗi suka ɓarke da kuka. Ta ɓangaren dama kaɗai take jin su.

Da Sammani ya iso ranar Asabar, ya tarar da su zaune a kan jakunkunansu a ƙofar gida. Ya fara tambayar ina akuyar. Barira ta zame ɗankwalinta ta nuna masa kunnen. Bai ƙarasa tambayar ba.

Zazzaɓin Aziza ya sauka a daren da suka dawo daga kanal, hudar kuma ta toshe kafin a koma makaranta. Ba ta tuna komai. Sammani ya sayar da dabbobin kafin ƙarshen watan, filin kuwa har yau bai sami mai saye ba. An yi wa Barira ɗinki a asibiti, likitoci biyu a Kano sun duba cikin kunnen sun ce lafiyarsa ƙalau. Amma tun daga ranar kunnen bai sake jin sauti ba.