Ciyawar Gindin Dutse

Da yammacin wata Talata abin ya fara, a can arewacin duniya, lokacin bazara da rana ba ta faɗuwa, sai dai ta rataye a kan teku jawur. Torfi da matarsa Bergdís suna cin kifi da dankali, suka ji tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo. Suka leƙa, babu kowa, sai sabon injin yankan ciyawa mai tafiya da kansa yana dawowa daga bayan gida.

Bergdís ta dubi gindin baƙin dutsen da ke bayan gidan, ta dafe ƙirji. An aske shi ƙwal.

Tun zamanin kakan Torfi ba a taɓa ciyawar wurin, ta mutanen ɓoye ce. Amma da Torfi ya zo binne wayar da ke nuna wa injin iyaka, ƙiwa ta hana shi kewayawa, ya ja ta miƙe. Wai injiniya!

'Yarsu Dagný ta sauko daga bene shiru. Gashinta da ke kaiwa ƙugu ya ragu da taƙi guda, a yanke daidai, kuma gidan duka warin ɗanyar ciyawa yake.

Kullum da yamma tsakuwa, kullum gashi na raguwa. An ɓoye almakashi, an kai ta asibiti, a banza. Ran kwana na shida gashin ya koma iya kunne, ta daina amsa sunanta. Torfi ya tuƙa mota ya ɗauko tsohuwa Steinunn, mai ganin abin da ba a gani.

Steinunn ta zauna gaban yarinyar. Agogon bango ma ya tsaya.

"Baiwar Allah, me aka yi miki?" in ji Steinunn.

Bakin Dagný ya buɗe, muryar wata dattijuwa ta fito, a shaƙe.

"Saniya ɗaya gare ni. Me za ta ci da hunturu? Me jikokina za su sha? Maigidan nan ya yanke nawa, ina yankan nasa. In gashin ya ƙare, yarinyar zan ɗauka ta yi mini kiwo."

Torfi ya durƙusa. "Iya, zan sayo miki harawa mota guda!"

"Rufe mana baki, sakarai," in ji Steinunn. "Kasuwa ka zo?"

"Saniyata ba ta cin abin da inji ya taɓa," in ji muryar. "Da hannunsa, da laujen kakansa. Kakan ya san mutunci."

"Nawa?" in ji Steinunn.

"Dami bakwai, duk shekara."

"Uku. Dubi hannunsa, bai taɓa riƙe lauje ba."

Tsakuwa ɗaya ta gangaro a kan kwano a hankali, har ta faɗo.

Muryar ta ce, "Biyar. Kuma kada ƙarfen nan ya sake leƙo mini ƙofa."

Dagný ta sulale ƙasa, ta farka tana kiran uwarta.

Kwana uku Torfi yana yanka, tafin hannunsa ya ɗaye. Ya jera dami biyar gindin dutse, bai waiwaya ba. Da safe ko tsinke babu.

Gashin ya dawo, ban da wani wuri bayan kunnen hagu, kamar faɗin cokali, wanda har yau bai tsiro ba.

In baƙo ya tambayi Torfi me ya sa ya bar ciyawa ta yi tsayi a gindin dutse, sai ya yi dariya ya ce wayar ce ba ta kai ba. Amma murya ƙasa-ƙasa yake faɗa.