Bel Ɗin Baba

Leah na tsakar gida tana surfen dawa, amma hannu kawai ke aiki, hankalinta ya daɗe da barin Zuru. Can ƙololuwar sama wani ɗan jirgi ke wucewa yana jan farin zare a bayansa. Ta tsayar da taɓarya ta bi shi da kallo har ya ɓace a bayan tsauni.

Irin wannan jirgin suka gani ita da Haggai tun yana golmo a gonar babanta, wato noman da saurayi ke yi wa suruki shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ta kai masa ruwa, ya share gumi ya nuna mata sama da ƙotar fartanya ya ce, "Leah, wata rana sai na sa ki a cikin wancan." Ta yi ta dariya har ruwan ya zube. To ga shi yau Haggai soja ne, ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, an ba shi ɗaki a barikin Legas, ya kuma aiko cewa ta taho da ɗansu Success ta jirgin sama. Rabonsa da yaron tun yana jinjiri.

"Ke Leah! Kaji na cinye dawar, ke kina ƙirga gajimare?"

Mama Keziah ce, mahaifiyar Haggai, ta fito da Success goye a bayanta. Wani tsohon majanyi baƙi ta ɗaure shi da shi, wanda da shi ta goyi Haggai kansa. Leah ta russuna ta ce, "Yi haƙuri Mama."

"Na san abin da ke ranki. Ke dai ki je wurin mijinki, ban hana ki ba. Amma maigidana," ta bubbuga ɗuwawun yaron, "yana nan tare da ni. An yaye shi, hannun kaka ya dawo. Ba a shekarun nan ba ne muka yi ta jin jirage na faɗowa a rediyo?"

Leah ta ajiye taɓarya. Ta shiga ɗaki ta kifa kai a filo ta yi kukanta a ɓoye. Tana son mijinta kamar ranta, amma ina za ta sa ƙafa ta bar ɗanta?

Da yamma ta hau kan dutsen bayan gida, don nan ne kaɗai sabis ɗin waya ke kamawa. Muryar Haggai na zuwa tana ɗaukewa.

"Dalin, kar ki damu, zan lallashi Mama. Amma ki sani, tunda ya wuce shekara biyu kujerarsa daban, ba goyo, ba riƙewa a cinya. Bel za a ɗaura masa a ƙugu."

"Success? Ya zauna wuri ɗaya? Haba Haggai! Yaron da ko a coci sai ya zagaye fasto?"

Ya yi dariya. "Jinin soja ne. Ki ba shi tirenin, wato ki hore shi ya saba da zama."

Lallashin ya ɗauki kwanaki. A ƙarshe Mama ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce, "Ƙafata ƙafarku. Idan na ga an wahalar mini da shi, wallahi da shi zan juyo Zuru, ku zauna ku biyu ku ci soyayyarku." Haggai ya ce ya ji, ya ƙara tikiti.

Leah kuwa ta ɗauki maganar tirenin da gaske. Ta buɗe akwati ta ciro wani tsohon bel ɗin kaki da Haggai ya bari. Har yanzu da sauran ƙamshinsa a jiki, sai da ta rungume shi ta lumshe ido kafin ta fito. Ta ajiye kujera mai jingina a ƙarƙashin mangwaro, ta zaunar da Success, ta zagaya bel ɗin a ƙugunsa.

"Wannan bel ɗin Baba ne. In an ɗaura maka, Baba ne ya riƙe ka. Yanzu za mu tashi — vuuuu!"

Ranar farko ko numfashi ba ta sauke ba ya sulale ta ƙasa ya bi ɗan akuya da gudu. Washegari ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Amma Leah ba ta gaji ba. Kullum in rana ta yi sanyi sai ta zauna kusa da shi, ta ba shi 'yar ƙwaryarsa da gyaɗa a ciki, ta riƙa ba shi labarin abin da suke gani a ƙasa, ita da ba ta taɓa wuce Kontagora ba.

"Ka ga garin Dabai can? Ga gonar kakanka ta zama kamar tabarma. Ga masu rawar bikin Uhola kamar tururuwa. Yanzu mun shiga gajimare, sai taushi, sai sanyi. Can gaba Baba na tsaye yana ɗaga mana hannu."

Yaro ya yi tsit yana kallon ganyen mangwaro, wai shi a dole gajimare yake gani. Ita ma uwar, in ta soma, sai ta manta da tukunyar da ke kan wuta.

Matan unguwa suka samu abin yi. In ta je rijiya sai ka ji ana, "Matar soja ta fara ɗaure ɗa kamar bunsurun Kirsimeti!" Mama Keziah ta ji, ranta ya ɓaci. Ta zo ta kwance yaron ta saɓa shi a baya, ta juya harshe zuwa yarensu na C'lela, wanda in ta koma shi to faɗan ya kai faɗa.

"Mu da baya muka raini 'ya'yanmu! Wace uwa ce za ta ɗaure ɗanta ta zauna tana kallonsa?"

Hawaye kawai ke zubo wa Leah. Washegari da Mama ta tafi taron zumuntar mata, ta sake jawo kujerarta.

Ranar tafiya suka hau mota zuwa Abuja, suka kwana gidan 'yan'uwa, da safe sai filin jirgi. Leah ta taka matakalar jirgin ta shige ciki. Aka zaunar da su a jere, ita a taga, Success a tsakiya rungume da 'yar ƙwaryarsa ta gyaɗa, Mama a bakin hanya ta ƙanƙame majanyinta. Ma'aikaciyar jirgin ta sunkuyo da murmushi ta nuna musu yadda ake ɗaura bel, ta ce, "Madam, ki ja na yaron ya kama ƙugunsa sosai. In kin ga waccan fitilar a kunne, ko kuka yake kar ki kwance shi."

Leah ta raɗa masa, "Bel ɗin Baba." Ya miƙe zaune kamar ƙaramin kofur.

Jirgi ya tashi. Wayyo daɗi! Duk abin da ta ƙirƙira a ƙarƙashin mangwaro sai ga shi a fili, har ya fi. Gajimare shimfiɗe kamar audugar da aka baza a rana, koguna na ƙyalli a ƙasa. Ta jingina goshi da taga tana tunanin ko yanzu wata yarinya na can a gona ta ɗaga kai tana kallonsu. Ta ce a ranta, Haggai, ka cika alkawari.

Ana cikin haka fitilar ta kama, aka yi sanarwa cewa za a shiga gargadar iska. Tagar ta yi duhu. Jirgi ya soma rawa kamar a-kori-kura a hanyar Sakaba da damina. Success ya tsorata ya fashe da kuka, ya miƙa wa kakarsa hannu biyu.

"Kaka! Goyo! Goyo!"

Mama ta warware majanyi. "Kwance shi, Leah! Kwance shi in goya abina!"

"Mama, an ce kar a kwance..."

"Su suka haifar mini shi? Na ce ki kwance!"

Ta kai hannu kan ƙarfen bel ɗin. Leah, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa wa surukarta ko da wasa ba, ta ɗora tafinta a kan ƙarfen ta danne.

"Mama, ki gafarce ni. Ba zan kwance shi ba."

Idon tsohuwa ya kaɗa ya yi ja. "To shi ke nan. Muna sauka zan juya da shi, na rantse miki."

Maganar ta soki Leah har cikin zuciya, ga kuma kukan ɗanta. Ita ma ji take kamar ta fizge shi ta manna a ƙirji. Amma ba ta ɗaga hannu ba. Ta sunkuya ta haɗa kumatunta da nasa, hawayensu na gauraya, tana raɗa masa, "Baba ya riƙe ka. Ka ga Dabai can? Ka ga gonar kaka?"

Kwatsam jirgi ya zurma ƙasa kamar an janye masa tabarma. Mutane suka ɗauki salati, wasu na kiran Yesu. 'Yar ƙwaryar Success ta kuɓuce ta yi sama, ta daki rufin jirgin — ƙwas! — ta faɗo a cinyar Mama a tsage, gyaɗa ta watse ko'ina. Majanyin ma ya tashi daga hannunta ya sauka a kujerar gaba. Shi kuwa yaron jikinsa ya ɗaga, bel ya mayar da shi mazauninsa.

Can jirgi ya daidaita, rana ta sake leƙowa. Mama ta daɗe tana juya tsagaggiyar ƙwaryar a hannunta. Ta dubi rufin, ta dubi kan jikanta. Da aka miƙo mata majanyinta sai ta lulluɓa masa a kafaɗa, ta bar bel ɗin yadda yake. Bai jima ba barci ya kwashe shi.

A Legas Haggai na tsaye cikin kaki, ya rame ya ƙara tsawo. Leah ta hango shi, ga murna ga fargabar rantsuwar Mama. Ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, sannan ya buɗe hannu ga ɗansa. Success ya maƙale a zanen uwarsa, don bai san wannan dogon mutumin ba. Sai idonsa ya sauka a ƙugun Haggai. Ya matsa a hankali ya taɓa da yatsa.

"Bel ɗin Baba!"

Haggai ya sure shi sama, soja guda yana hawaye a gaban jama'a.

Mama ta share ido da bakin zane. Ta ninke majanyin ta kamo hannun Leah ta damƙa mata.

"Rantsuwata, Ubangiji ya yafe mini. Da kin bi maganata, da kan maigidana ne ya tsage ba ƙwarya ba. Riƙe wannan, 'yata, ki goya ƙannensa. Ni kaɗai zan koma Zuru."

Leah ta faɗa jikinta tana kuka, Haggai ya haɗa su duka ya rungume.

To 'yan'uwana mata, ku ɗauki darasi. Tausayin ɗa ba shi ne ka ba shi duk abin da yake wa kuka ba. Leah ta jure gorin unguwa da fushin suruka da kukan ɗanta, ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma ɗaga hannu daga kan bel ba, haƙurinta ya haɗa ta da mijinta da ɗanta a ɗaki ɗaya. Mama Keziah kuwa, har yau in ta ga mai ɗan yaro zai yi tafiya, ko a mota ce, sai ta bi shi har bakin ƙofa tana cewa, "Ku ɗaura masa bel, ko zai tsaga gari da kuka!"