Darasin Hantsi

"Wallahi Malam mun gaji!"

Ikilima ce ta miƙe a tsakiyar aji tana gyara mayafi.

"Wancan makon da hantsi, wannan makon bayan la'asar. Mu fa ba yaran firamare ba ne, kowacce da gidanta. Saboda wa kake juya mu haka?"

Ba ta jira amsa ba ta waiga ta zuba wa Zakiyya ido, duk ajin ya bi ta da kallo.

Zakiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige...

Ajin koyon Turanci ne na manyan mata, a wani ɗaki da unguwar Yalwawa ta ba su aro. Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, duk ofis ɗin da ka leƙa neman aiki sai an tambaye ka ko kana jin Turanci. Malaminsu Abdurrahim mutum ne mai tsari. Da gaisuwa yake farawa, a maimaita na jiya, sannan ya kawo sababbin kalmomi 'yan kaɗan, ya haɗa su biyu-biyu su yi hira. Yakan ce babba ba ya koyo in hankalinsa na kan tukunya.

To mai irin wannan tsarin ne ya koma sauya lokaci duk mako, kuma kowa ya san dalili.

Zakiyya tana taimaka wa nas-nas a wani ƙaramin asibiti, mako guda aikin safe, mako guda na yamma. Ita da Malam suna son juna, so ba na wasa ba. Amma yayanta Gwadabe, wanda yake riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu, ya hana shi zuwa zance, wai ba zai ba malamin yaƙi da jahilci ƙanwarsa ba. Aji ya zama nan kaɗai suke ganin juna, sai Malam ya riƙa jan ajin duk inda aikinta ya bar mata sarari.

"Zakiyyata," ya taɓa ce mata a bakin ƙofa, "ko da asuba kika samu sukuni, da asuba zan buɗe ɗakin nan."

Yau ga shi an tona.

Kunya ta rufe ta. In maganar nan ta je kunnen Yaya Gwadabe, ai ta shiga uku. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ni babu abin da ke tsakanina da Malam!" ta ce. "Ban roƙi kowa ya sauya lokaci saboda ni ba. Malam, ka tsayar musu da lokaci ɗaya kowa ya huta."

Allin da ke hannunsa ya karye.

Ya juyo ya kalle ta.

"Haka kike so, Zakiyya?"

"Haka nake so."

"Bayan la'asar," Ikilima ta cafe da sauri, don ita ma ta daɗe da ɗora ido a kan Malam.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Bayan la'asar."

Abin haushi, ita da ta yi ɓarnar ita ce ta fi kowa fushi. Haba! Ko gardama ba zai yi ba? Ashe son nasa bai kai ya kawo ba! Makon da take aikin yamma ba ta samu zuwa ba, makon da take da sarari kuma zuciya ta hana ta. Tana jira ya aiko, shiru. Ikilima maƙwabciyarsu ce, kullum sai ta wuce ta ƙofar gidan da littafinta, ta ce, "Malam ko cigiyarki bai yi ba."

Haka damina ta shiga ta fita.

Da kaka Inna Kaltumi, dattijuwar ajin, ta zo asibiti da ciwon gwiwa. Tana ganin Zakiyya ta kama haɓa.

"Ke 'yar nan, Allah ya ba ki taurin zuciya! Kin bar bawan Allah yana zama shi kaɗai har ya gaji ya tafi."

"Wa ke nan, Inna?"

"Malam mana! Ai washegarin rigimar nan ya ce ajin la'asar yana nan, amma duk makon da kike aikin yamma zai zo da hantsi saboda ke. A gabana ya ba Ikilima saƙon. Ni da nake kai niƙa ina ganinsa ta taga, ya cika allo da rubutu, benci babu kowa. Ko ruwa ake sai ya zo."

Kwanon maganin da ke hannun Zakiyya ya suɓuce.

"Inna... ba a gaya min ba. Wallahi ba a gaya min ba!"

"Ayya. Ai ya nemi a mayar da shi Ringim, garinsu."

Ba ta tsaya tanka wa Ikilima ba, wadda ita ma ba ta samu komai ba sai zunubi. Washegari da sassafe ta ce wa Yaya Gwadabe Ringim za ta, in ya so ya yanka ta in ta dawo. Da ya ga idonta sai ya kauce ya ba ta hanya.

A wata rumfa kusa da kasuwa ta same shi, ya sallami ajin direbobi yana goge allo. Ya rame.

"Malam..."

Ya juyo. Bai ce Zakiyyata ba.

"Zakiyya. Sannu da hanya."

"Saƙonka bai zo min ba. Jiya na ji, jiya-jiyan nan!" Hawaye suka ɓalle mata. "Abin da na faɗa a aji tsoro ne, Malam, ba daga zuciyata ba ne. Me ya sa ba ka zo da kanka ba?"

"An hana ni ƙofar gidanku. Ke kuma kin ce babu komai tsakaninmu, a gaban kowa. Na ce in ba haka ba ne a ranki, za ki zo." Ya sunkuyar da kai. "Kullum sai na rubuta miki darasi, in zauna, in tashi in goge da hannuna."

"Ga ni na zo, masoyina. Zan tsaya gaban Yaya, ko me zai yi..."

"An ɗaura, Zakiyya."

Ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Juma'ar da ta wuce. Hassana, 'yar ƙanin mahaifiyata. Mahaifiyar tawa ta daɗe tana yi min maganarta ina cewa a dakata. Da na dawo ban ga abin da zan ce a dakata saboda shi ba."

Zakiyya ta share fuska da gefen mayafi. Ta dubi rana, ta ɗaga sosai, inuwar rumfar ta fara janyewa. Ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Malam, yau dai na zo da hantsi."

Ya ajiye tsumman goge allon, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kin zo, Zakiyya. Ajin ne ya riga ya tashi."