Fuskar Noreen a Bangon Littafi

Noreen tana shafa wa burodi bota mahaifinta ya faɗo kicin, ya buga wani littafi a tebur har shayi ya zube.

"Ke! Wace ce wannan?"

Ta ɗauka ta duba. Irin littattafan almarar nan ne na yaƙi a sararin samaniya da ake sayarwa a tashar jirgin ƙasa ta birnin Sydney. A bangon, wani koren dodo ya rungumo mace, kanta cikin hular gilashi, ƙyallen jikinta kuwa ko hankici bai kai ba. Fuskar kuma tata ce, har wushiryar!

"Baba, na rantse ban taɓa..."

"Rufe min baki! Duk 'yan cocinmu sun gani. Wato tuɓewa kike yi Desmond yana zanawa? Auren nan babu shi!"

Desmond saurayinta ne, zanen bangon littattafai ne sana'arsa, an ma sa musu rana. Noreen ta yi kuka har ta gode Allah. Abinci ya gagare ta, fita ta gagare ta, gani take kowa da ido yake tuɓe ta. Amma ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ta haƙura ta zuba ido.

Ranar Lahadi Mama, mahaifiyarta, ta sa aka kira Desmond. Ya zo yana gumi, hula a hannu.

"Mama, ko kafaɗarta ban taɓa gani ba. Kamfani ne ke cewa in babu tsiraici littafi ba ya sayuwa. Fuskar kuwa ƙirƙiro ta na yi."

"Ƙirƙiro ta?" in ji Mama. "To, ga fensir, zana min kakarka."

Ya karɓa ya zana. Tsohuwa ta fito da furfura da tabarau, amma kowa ya kalla ya san Noreen ce. Shi kansa sai da ya riƙe baki.

Mama ta yi dariya har da hawaye. Baba ko murmushi.

"Na yarda ba ta tuɓe ba," in ji shi. "Amma hannun da bai san wata fuska ba sai ta 'yata ba zai sake kai ta kasuwa tsirara ba. Ko aikin, ko ita."

Noreen ta juya ta kalli Desmond, don ta san yadda yake ji da aikin nan.

Desmond ya ajiye fensirin. "Na bar shi, Baba."

Ya koma rubuta allunan shaguna, aka ɗaura aure. Ku ji, 'yan mata: mai sonki ba a daɗin bakinsa ake gane shi ba, sai a abin da ya yarda ya rasa don mutuncinki.