Mardiyar Gidan Radiyo

Ranar da Barmo ya fara taka gidan radiyon Gure, aiki ne ya kawo shi. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a yankin Gamu, shugabansa ya aiko shi da sanarwar rigakafin awaki da tumaki. Ya jingine moto, wato babur ɗinsa, a gindin dogon ƙarfen eriya, ya kakkaɓe rairayin takalminsa, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam, lale. Shigo mana."

Sai ya tsaya a bakin ƙofa. Muryar ya sani sarai. Shekara uku yana jin ta kowace safiya tana karanta sanarwa da Hausa da Barbarci, har ya yanke a ransa cewa mai ita babbar mace ce mai jikoki. Ga shi kuwa budurwa ce siririya, da mayafi ruwan goro, da biro a bayan kunne.

"Ke ce Mardiya?"

"Ni ce. Ko ban yi kama da ita ba?"

"Na ɗauka kin girmi innata."

Ta yi dariya, ta karɓi takardar ta duba. Da Faransanci aka rubuta ta, da manyan kalmomin ofis.

"Malam, in na karanta wannan yadda take, ko akuya ɗaya ba za a kawo maka ba. Zauna ka gaya mini. A wace rijiya za ku tsaya, wace rana? Kuma mata suna cewa allurar tana sa akuya ɓari. Gaskiya ne?"

"Ba gaskiya ba ne."

"To da bakinka za ka faɗa musu."

Nan take ta zaunar da shi gaban makirfo. Gumi ya jiƙa masa riga. Sau biyu ya ce "tumaki" a inda yake nufin awaki, ita kuwa tana gyara masa cikin wasa har ya sake. Makon da ya biyo baya, dabbobin da aka kawo rijiyoyin Gamu sun fi ƙarfin allurar da suka tanada, sai da aka koma Gure aka ƙaro.

A ƙauyen da Barmo yake aiki babu rezo, wato sabis na waya, sai a kan wani tudun rairayi. Da la'asar ya hau ya rubuta mata saƙo:

"Salam Mardiya. Barmo ne, mai tumakin da suka zama awaki. Allura ta ƙare saboda ke. Na gode."

Amsa ta zo kafin ya sauka.

"Likita, ba ni ba ce, sun ji gaskiya ne a muryarka. Amma ka rage rawar murya, har Gidigir an ji ta."

Daga nan tudun ya zama wurin zuwansa kullum. In ya shigo Gure kuma, sai ya je ƙofar gidansu bayan la'asar, su zauna kan tabarma a zaure.

Wata rana ta tambaye shi me ya sa ba ya rabuwa da 'yar radiyon da yake ratayawa a moto.

"Shekarar da babanmu ya rasu, ƙannensa uku suna daji da raƙuma, ba wanda ya san inda suka sauka. Inna ta aiko nan aka yi sanarwa. Kafin sadakar uku duk sun iso. Ɗayansu ya ce mini yana tatsar raƙuma ya ji sunan yayansa." Ya dube ta. "Manyan tashoshi suna ba mu labarin ƙasashen da ba za mu taɓa gani ba. Ku kun san sunan rijiyarmu."

Mardiya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ka san kai ne mutum na farko da ya zo zance bai ce in bar aikin ba?"

"In kika bari, wa zai tashe ni da safe, Mardiyata?"

"Ka ji ka, Likita."

Mahaifinta, Alhaji Hassane, ɗan Damagaram ne, shekara talatin yana sayar da yadi da atamfa a kasuwar Gure. Bai taɓa ɗaukar aikin 'yarsa aiki ba. A ganinsa abin rage zaman banza ne kafin aure. Da Barmo ya nemi turo manyansa, Alhaji ya kira Mardiya gaban mahaifiyarta Lantana.

"Yaron ba shi da aibu, na bincika. Amma kwana biyar a daji, biyu a gida, wannan wane irin zama ne? Kuma na ji shi yake ƙara zuga ki kan surutun nan. Ga Mubarak, shagonsa yana kallon nawa, na san ubansa na san kakansa. Ya ce ranar da aka ɗaura, kin huta da radiyo."

"Baba, ni ban gaji ba."

"Shekararki ashirin da huɗu. Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Amma kar ki sa ran zan karɓi mutanen Gamu da fara'a."

Ta fito da hawaye. Inna Lantana ta bi ta ɗaki, ta ce ta yi haƙuri, babanta mutum ne mai son ya gani da idonsa.

Mubarak kuwa, mai shagon kayan moto, da ya ji Alhaji yana bayansa sai ya yi gaggawa. Ranar Juma'a, a shirin gaishe-gaishe, abokin aikin Mardiya mai suna Yahya yana karanta katuna a jere, bai lura ba sai da ya kai ƙarshen ɗaya: "Mubarak mai kayan moto yana gaida amaryarsa ta gobe, Mardiya Alhaji Hassane."

Barmo yana bakin rijiya yana duba kofaton wani sa lokacin da maganar ta fito. Makiyayan da ke wurin suka hau murna, suna cewa 'yarsu za ta yi aure, Allah ya sa miji nagari ne. Shi dai ya gama ɗaure ƙafar san, ya wanke hannu. Ranar bai hau tudu ba. Washegari ma haka.

Da ya hau a rana ta huɗu, saƙo uku suna jiransa.

"Likita, abin da aka karanta ba da sanina ba ne. Yahya ya ba ni haƙuri."

"Yahya ya ce in shiga in ƙaryata. Na ƙi. Radiyon ta jama'a ce, ba zan mai da ita wurin wanke kaina ba. Kai nake so ka ji, ba gari ba."

"Barmo, in har ka yarda da kati fiye da ni, to ka faɗa mini."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya fara rubutu ya goge. Abin da ke cin ransa ba katin ba ne kaɗai. Yana ganin wanda uba yake so ya riga ya yi masa nisa, gara ya janye da mutuncinsa. Ya sauko bai amsa ba.

Lokacin kaka ne, damina ta yi kyau, ciyawa ta kai gwiwa ta bushe. Kwana tara da fara shirun, da hantsi, Barmo yana kan hanyar wata ruga ya hango hayaƙi ya tokare sama ta gabas. Ya san abin da hakan ke nufi. Abincin dabbobin shekara guda ne wuta take ci, iska kuma tana turo wutar yamma, inda rugar wata tsohuwa mai suna Balkisa take. Mazan rugar duk sun tafi kasuwa, mata da yara kawai suka rage, kuma wurin ba rezo.

Ya juya moto ya nufi tudu, ya kira lambar gidan radiyo. Ita ta ɗauka.

"Mardiya, wuta ce. Gabas da rijiyar Goriba Uku."

Ba ta tambaye shi inda ya shiga kwana tara ba.

"Ina iska take yi? Su wa ke gabanta? Ina kake so mutane su taru?"

Ya gaya mata. Ta ce kar ya sauka daga tudun, ya riƙa kiranta duk abin da ya canja. Daraktan gidan radiyon ya ce a yanke kiɗan da ake sawa. Mardiya ta zauna gaban makirfo, ta yi bisimilla.

"Jama'ar Gamu da kewaye, ku ajiye abin da kuke yi ku saurara. Wuta ta tashi gabas da Goriba Uku, tana yin yamma. Inna Balkisa, in kina ji na, ku kwashe yara ku yi kudu zuwa cikin kwari, ku bar kaya. Maza masu hauya da shebur, ku taru a rijiya, za a share hanya a tare ta. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba."

Ta maimaita da Barbarci, Yahya ya faɗa da Fulatanci, aka kira mai shirin Tubanci daga gida ya zo a guje. Har azahar ta wuce ba ta tashi daga kujerar ba. Duk abin da Barmo ya hango daga tudu, ita take sauke shi a kunnen jama'a, sunan wuri bayan sunan wuri. Muryarta ta dushe, ta kurɓi ruwa ta ci gaba.

A kasuwar Gure ciniki ya tsaya. Mutane suka yi da'ira a kan kowace radiyo. Alhaji Hassane yana tsaye a ƙofar shagonsa da almakashi a hannu, yana jin 'yarsa tana rarraba mutane kamar tana ganinsu. Ya ga ma'aikatan gandun daji sun wuce. Ya ga Mubarak da kansa ya rufe shago, ya cika motarsa da samari da shebura ya bi bayansu.

Kafin faɗuwar rana aka tare wutar. Ta cinye daji mai yawa da bukkoki huɗu, amma ba ta taɓa mutum ko ɗaya ba, kuma yawancin ciyawar kiwo ta tsira.

Washegari da safe Barmo ya zo gidan radiyo da hannu a naɗe, fuska duk ta yi baƙi, don daga baya ya sauko ya shiga tare wutar har ta ƙone shi. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na yi laifi, Mardiyata. Na ga saƙonki, tsoro ne ya hana ni amsawa."

"Tsoron me?"

"Kar in amsa ki ce mini gaskiya ne."

"Na ce maka ba gaskiya ba ne, sau uku." Ta kalli hannun, muryarta ta sauka. "Wa ya ɗaure maka wannan? Ko akuya ba a yi wa irin wannan ɗauri. Zauna in gyara."

Ranar kasuwar da ta biyo baya, wata tsohuwa ta tsaya gaban shagon Alhaji da ƙwarya a rufe, mata biyar suna bayanta.

"Kai ne uban Mardiya?"

"Ni ne."

"Ni ce Balkisa. Ina daka na ji ta kira sunana. Jikokina bakwai na kora gabana, ƙaraminsu goye a bayana. Bukkata ta ƙone ƙurmus." Ta ajiye ƙwaryar, man shanu ne. "Ba mu da abin ba ta. Mun ce bari mu zo mu ga wanda ya haife ta."

Alhaji ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ranar har yamma mutane suna tsayawa, wasu daga Bune, wasu daga Gidigir, ba don sayen yadi ba. Wani ya ce ta wurinta ya samu raƙumarsa da ta ɓata. Wata ta ce shirinta ne ya sa ta fara zuwa awon ciki. Shekara talatin ana kiransa Alhaji mai atamfa, ranar ya koma baban Mardiya.

Da ya koma gida ya tarar Mubarak ya aiko. Ya ce shi dai har yanzu ba zai iya zama da mace mai aikin radiyo ba, kuma bayan abin da ya gani ba zai so ya zama sanadin barinta ba, don haka ya janye, a yafe masa katin da ya aika.

Alhaji ya sa aka kira Barmo. Ya zo ya durƙusa a gefen tabarma.

"Kwana biyar a daji ɗin nan, ba a rage shi?"

"Baba, ba zan yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma duk inda nake, da safe zan san lafiyarta."

Alhaji ya yi murmushi. "Kai da duk ƙasar Gure. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Inna Lantana ta yi girkin mutanen da aka gayyata, sai ga amalanke bayan amalanke, ga masu raƙuma, ga matan ƙungiyoyin masu sauraro da anko iri ɗaya. Ba wanda ya gayyace su. Sun ce ba a gayyatar mutum bikin 'yarsa. Da geronsu suka zo, da raguna biyu, suka kafa tukwane a bakin hanya.

Da za a kai amarya, Alhaji ya sa ta durƙusa gabansa, ya dafa kanta.

"Na daɗe ina ce wa aikinki surutu. Ki yafe mini. Ki riƙe mijinki, ki riƙe jama'arki, kar ki saki ko ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai amfanar mutane."

Amin ɗin ta fara daga tsakar gida, ta bi zaure, ta fita har titi inda baƙin suke tsaye. Mardiya ta share hawaye, ta miƙe, aka kama hannunta zuwa gidan Barmo.