Wayar Dalhatu

Na sayo rauta mai akwati uku don intanet ta kai ko'ina a gidanmu. Na sa mata lambar sirrin tsohuwar, don wayoyinmu su kama da kansu. Da magariba ina kafa na ukun a zaure, sai ga wani a ƙofa, fuska a naɗe, jiki duk jar ƙasa.

"Shamsu, yanzu intanet tana kaiwa har ƙarƙashin ƙasa," in ji shi, murya kamar daga rijiya.

"Wa yab ba ka lambarmu, malam?"

Na duba wayata in toshe ɓarawon data. Wayar Dalhatu ce ta shigo, yayana da ramin zinare ya rufta da shi bara a Dareta, wayar tana aljihunsa.

"Kauce," ya ce, "in gaida Inna."